Filamba a Katsina: takardun da ya kamata ka mallaka da yadda ake bin su

Duk yaron da ya kusa yaye a aikin famfo sai ka ji yana tambaya, oga wai ina ake zuwa karɓar lasin? Toh bari mu fara da gaskiyar magana, a nan Katsina babu wani kati guda ɗaya irin lasin tuƙi da za a ce shi ne lasin filamba, wanda in baka da shi za a tare ka a hanya a ƙwace maka sifana. A Amurka haka abin yake, yawancin jihohinsu sai ka yi shekaru ƙarƙashin wani ka zauna jarrabawa kafin a barka ka taɓa famfon gidan mutane da sunanka, mu namu tsarin daban ne, takardun a warwatse suke, wata ta gwamnatin tarayya wata ta jiha wata ta ƙaramar hukuma, kuma kowacce da ƙofar da take buɗewa. Wannan warwatsuwar ce tasa mutanenmu da yawa suka ɗauka ba a buƙatar komai, mutum yayi shekara da shekaru yana aiki mai kyau, hannunsa ya faɗa, amma ranar da aka zo neman masu aiki a wani asibiti ko makaranta ko rukunin gidaje sai a ce ya kawo takarda, ya tsaya yana kallo a ɗauko wani daga nesa a bashi aikin, ƙarshe ma shi ɗin za a kira ya yi aikin a biya shi kuɗin yini. Wallahi abin nan yana min ciwo, kuma maganinsa ba wani mai wahala bane.

Ka fara da Trade Test, wato takardar gwajin sana'a. Ita ce takardar da tafi tsufa kuma kowa ya santa, ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ce ke bayarwa, tana da ofishi a kowace jiha, namu ka nufi sakatariyar tarayya ka ce sashen Trade Test kake nema. Hawa uku ne, ana farawa daga mataki na uku wato mafi ƙanƙanta, sai na biyu, sai na ɗaya wanda shi ne babba. Mutane na rikicewa a nan, sai kaji wani na alfahari yana da na uku yana zaton ya fi mai na ɗaya, a'a, juye abin yake. Abin da zaka riƙe idan zaka je, hotunan fasfo, lambar NIN ɗinka, takardar makaranta in akwai ko ta firamare ce, da kuma takardar shaida daga ubangidan da ya koya maka aiki. Zaka cike fom a rubuta sana'arka, wato aikin famfo da haɗa bututu, a faɗa maka kuɗin da zaka biya. Kuɗin gwamnatin tarayya ta Remita ake biyansa, a fitar maka da lamba ka je banki ko ka biya ta waya ka riƙe rasit ɗinka, kar ka miƙa wa kowa kuɗi a hannu a bakin get.

Gwajin kansa kashi biyu ne, akwai tambayoyi akwai aikin hannu, kuma duk wanda ya zauna a shago tsakani da Allah aikin hannun ba zai bashi tsoro ba. Inda yaranmu ke tuntuɓe shi ne bayani. Ka iya haɗa layin ruwan datti amma in an ce me yasa kake bashi gangara, ko me yasa ake sa lanƙwasar nan da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin sink da masai, sai ka ce haka oga yake yi. Toh ka koyi dalilin tun yanzu, ruwan da ke kwance a lanƙwasar shi ke tare warin sokawe kar ya dawo cikin ɗaki, bututun iska da ake fitarwa sama shi ke hana a zuƙe wannan ruwan idan an kora masai, gangara kuma in tayi kaɗan datti ya kwanta in tayi yawa ruwa ya gudu ya bar dattin a baya. Ka san bambancin PVC na ruwan datti da mai kauri na matsin ruwa, ka san PPR da inji ake narka bakinsa a haɗa ba da gam ba, ka iya karanta tef da inci da milimita duka. Wanda bai iya turanci sosai ba kar wannan ya hana shi zuwa, ya samu wani ya zauna da shi su bi sunayen kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, ai mafi yawansu kullum a bakinmu suke, elbo, soket, yuniyon, bal, sai dai rubutunsu ne baƙo.

Sai maganar da dole in tsaya a kanta. Akwai masu cewa kawo kuɗi da hoto gobe ka zo ka karɓi Trade Test ɗinka har mataki na ɗaya ba tare da ka taɓa ko sifana ba. Ɗan'uwa ka guje su. Takardar nan amfaninta shine ranar da zaka nemi aikin gwamnati, sashen ayyuka na ma'aikata ko jami'a ko asibiti, ko lokacin da soja da 'yan sanda da sibil difens ke ɗaukar masu sana'ar hannu, a nan ne ake tambayarta kuma a nan ne ake tantancewa, in aka duba lambar ba a ganta a rajista ba ba aikin kawai ka rasa ba, takardar jabu laifi ce da ke kai mutum kotu. Sannan yaro ɗan shekara 19 ya fito da mataki na ɗaya alhali bai taɓa riƙe na uku ba, duk wanda ya san aikin kallo ɗaya zai masa ya gane. Ka bi hawa hawa, ka yi na uku, ka ƙara gogewa, ka koma.

Wanda yake da ɗan karatun boko ko yake son ya ci gaba da shi, hanyarsa NABTEB ce. Hukumar jarrabawar fasaha ce mai hedikwata a Benin, ita ke ba da NTC, wato takardar shaidar ilimin fasaha ta ƙasa, kuma aikin famfo na cikin sana'o'in da take jarrabawa a kai. Ɗaliban kwalejojin fasaha irin na Mashi da Funtua suna rubuta tata wajen tsakiyar shekara, amma akwai ta Nuwamba da Disamba wadda aka yi don 'yan waje, wato kai da ke shago zaka iya yin rajista ka zauna. Daɗinta shine ana karɓarta wajen neman gurbin karatu kamar yadda ake karɓar WAEC da NECO in ka samu kiredit ɗin da ake so, kaga kenan yaron shago na iya wucewa Hassan Usman Katsina Polytechnic ko foliteknik ta tarayya da ke Daura da ita. Sama da NTC akwai ANTC ga wanda yake son ƙarawa. In kana da ƙani da ya gama ƙaramar sakandare kuma kaga hannunsa na son aiki, ka duba masa wannan hanyar tun da wuri.

Akwai kuma sabon tsari da ya kamata ogogin da suka daɗe a aiki su buɗe kunne su ji, shine NSQ, tsarin ba da shaidar ƙwarewa a sana'a, wanda hukumar ilimin fasaha ta ƙasa wato NBTE ke kula da shi. Shi ba zama a aji ake ba, mai tantancewa ne zai zo inda kake aiki ya ga yadda kake yi da idonsa, ya maka tambayoyi, a tara hujjoji, hotuna da bidiyon ayyukanka da shaidar waɗanda ka yi wa aiki, sannan a baka matakin da ka cancanta. A cikinsa akwai abin da suke kira RPL, ma'ana a amince da abin da ka riga ka koya a shago ba sai ka koma farko ba, da irin wannan aka bi aka fara ba masu sana'a na kasuwar Panteka a Kaduna takarda. Don haka daga yau duk aikin da kayi ka ɗauki hoto kafin a rufe da filasta, ka ɗauka bayan an gama, ka rubuta unguwa da wata, ka adana a waya ka kuma tura wani wuri don waya na ɓata. Wannan ɗabi'ar ko ba don NSQ ba tana cetonka ranar da mai gida zai ce kai ka binne bututu a karkace. Neman inda ake rajista kuwa, ka leƙa foliteknik ko ƙauyen koyon sana'a na matasa da ke nan Katsina ko ofishin ITF, wato asusun horar da ma'aikata na tarayya, ka tambaya wace cibiya ce aka amince mata a aikin famfo. ITF ɗin ma a 2024 ta fito da shirin SUPA na ƙara wa masu sana'ar hannu horo da ba su shaida, rajistarsa ta intanet ake yi, in an buɗe kar ka ce na masu hanya ne, ka cike kawai, kuma duk wanda ya ce ka bashi kuɗi zai saka sunanka ka je ofishin da ƙafarka ka tambaya.

COREN kuma ita ce majalisar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar nan tun 1970, kuma ba injiniyoyi kaɗai take yi wa rajista ba, tana da rukuni huɗu har da na masu aikin hannu, wanda da takarda irin NTC ko Trade Test da shekarun aiki ake nema. Ba kowa ke buƙatarta ba, mai gyaran famfon cikin unguwa zai iya rayuwarsa bai taɓa jin sunanta ba, amma mai son shiga manyan kamfanonin gini tana ƙara masa nauyi. Abu ɗaya dai, don Allah a daina rubuta Engr a allon shago da katin kasuwanci. Mutane su kira ka injiniya a unguwa don girmamawa wannan daban, amma ka rubuta da hannunka a takardar neman kwangila doka ta keɓe wannan laƙabin ga wanda ke da rajistar injiniya, kuma sana'armu ba abin kunya bace da sai an ara mata suna.

Duk waɗancan takardun ƙwarewa ne, suna cewa ka iya. Takardun kasuwanci kuma daban, su ke cewa gwamnati ta san da shagonka. Na farko rajistar suna a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. In da sunanka na yanka kawai kake aiki doka bata tilasta maka ba, amma da zarar ka laƙaba wa shago wani suna ka buga a allo da rasit toh ya kamata ka masa rajista. Ta intanet ake yi, zaka bada sunan da kake so a duba ko wani bai riga ka ba, ka saka NIN da hoto da adireshin shago da irin aikin da kake, in ba zaka iya da kanka ba akwai wakilai da aka amince da su, sai dai ka tabbata lambar wayarka da imel ɗinka aka saka ba na mai kafe ba, don mutane da yawa sun rasa hanyar shiga rajistarsu saboda haka. Rajistar sunan kasuwanci ta ishi mai farawa, kamfani mai limited sai in ka fara hangen manyan kwangiloli. Da takardar CAC da lambar haraji wato TIN zaka buɗe asusun banki da sunan shago, kuma ƙungiyoyin agaji da ke aikin ruwa da banɗakuna a jihar nan da makarantu masu zaman kansu sun fi son su tura kuɗi asusun kasuwanci. Kar ka manta akwai bayanin shekara shekara da ake shigarwa CAC, in ka share sai tara ta taru maka.

Sai na gida, hukumar tara haraji ta jiha da ƙaramar hukuma. Bisa rabon da aka saba, rajistar wurin kasuwanci da harajin kuɗin shigarka na jiha ne, kuɗin shago da na allon talla na ƙaramar hukuma. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit na hukuma ka ajiye a fayil ɗaya, domin ranar da zaka nemi kwangilar gwamnati takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku ake tambaya, kuma ba a haɗa ta a dare ɗaya. Kwangilar jiha sai kayi rajistar ɗan kwangila a hukumar da ke kula da sayayya da bada kwangila ta jiha, ta tarayya kuma akwai ƙarin takardu irin na fansho da na asusun inshorar ma'aikata wato NSITF, wannan sai kasuwa ta buɗe. Ka kuma yi rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta tarayya, ka riƙa bibiyar takwararta ta jiha wato KASEDA, nan ne ake jin labarin horo da tallafin kayan aiki.

Yanzu ga inda doka ke cizo da gaske, kuma a nan ne filamba ke shiga uku ba wajen rashin satifiket ba. Babban bututun da ya ratso layi na hukumar ruwa ne, ko ruwan madatsar Ajiwa ne a cikin birni ko na Sabke a wajen Daura, ba na mai gida bane ba kuma naka bane. Aikinka daga cikin gida ne zuwa inda za a haɗa, huda babban layi kuwa sai mai gida ya je hukumar ruwa ya cike fom ya biya an buɗe masa asusu sun turo ma'aikatansu ko sun bada izini a rubuce. Mai gida zai lallaɓa ka ya ce Malam ai cikin dare minti kaɗan ne, kowa a layin haka yayi, ranar da aka zo bincike kuma zai nuna ka da yatsa ya ce shi bai san komai ba filamba ne ya haɗa. Haka mayar da layin da hukuma ta yanke saboda bashi, haka kewaye mita, haka fasa kwalta don tsallaka da bututu ba tare da izinin masu hanyar ba. Sannan ɗabi'ar nan ta ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a kan layin gwamnati, banda zaluntar maƙwabtan da ke ƙasa da kai, injin yana zuƙo ruwan kwata ta duk inda bututu ya tsage ya shigo da shi cikin ruwan sha. Daidai shine ruwa ya zuba a tankin ƙasa da kansa, daga nan inji ya ɗaga shi sama. Kuma duk bututun ruwan sha da ka gani kwance cikin kwata ka faɗa wa mai shi gaskiya ko ba kai ka saka ba, damina na zuwa amai da gudawa ta nan yake shiga gidaje.

Sabon gini kuma ka tambayi mai shi ko zanen ya samu amincewar hukumar tsara birane ta jiha, ka nemi a nuna maka inda aka sa sokawe a zanen. Filayen yanzu ƙanana ne, mutum na son bohol da sokawe duk a tsakar gida ɗaya, alhali shawarar masana lafiya ita ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma ramin ya kasance ta gangare. In fili bai kai ba a zauna da mai haƙar bohol a nemi dabara, a duba na maƙwabci ma don ruwan ƙasa bai san katanga ba. Tona sokawe a kan layi ko sako ruwan banɗaki cikin kwatar unguwa shi ke jawo duba gari, kuma sunan wanda yayi aikin ne ke ɓaci. Haƙar bohol kanta sana'a ce daban mai nata izini, haka wayarin hita da na sumo aikin mai lantarki ne, su hukumar NEMSA ke ba su shaidar ƙwarewa, in baka da ita ka haɗa ɓangaren ruwa ka kira mai wuta ya saka nasa da waya ta ƙasa yadda ya kamata, ruwa da wuta a banɗaki ba wurin gwaji bane.

Masu niyyar fita waje, musamman Saudiyya da mutanenmu suka fi nufa, ku sani tun 2021 suka fara tsarin gwada ƙwarewar masu sana'ar hannu kuma aikin famfo na cikin na farko farko, kenan ko can hannu da takarda ake haɗawa. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da fasfo da Trade Test da duk sauran, Muhammad a nan Mohammed a can, ko sunan gari a wata babu a wata, ƙaramin abu ne amma yana tsayar da mutum wata da watanni. In akwai saɓani ka gyara tun kafin ka cike fom na gaba.

Sauran magana taku ce iyayen gidanmu masu shaguna daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa da na Daura da sauran garuruwa. Kusan duk hanyoyin nan da na lissafa suna farawa ne da shaidar ubangida, kuma mu mun saba yaye da fatiha da walima da kyautar akwatin kayan aiki, wanda abu ne mai kyau, amma a ƙara da takarda. Ba sai an kai ta wani ofishi ba, a buga a kan takarda mai sunan shago, a rubuta cikakken sunan yaro yadda yake a NIN ɗinsa, shekarar da ya fara da wadda ya gama, ayyukan da ya iya ɗaya bayan ɗaya, layin ruwan sha, layin datti, ɗora tanki, haɗa banɗaki, gyaran sumo in ya koya, a manna hotonsa, oga ya sa hannu da lambar waya da hatimi, in akwai ƙungiyar masu sana'a a yankin shugabanta ma ya sa hannu. A yi kofi biyu, ɗaya a bashi ɗaya a bari a shago, sannan kafin ya buɗe nasa wurin a sa shi gaba a raka shi ya yanki fom ɗin Trade Test mataki na uku.